Unguwannin masu hali: su wa ke kwana a ciki, su wa ke wuni?

Binta_Taswira:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, na ce bari in kawo shi nan. Kowane babban birni yana da unguwar da ake cewa ta masu hannu da shuni: tituna masu faɗi, bishiyoyi, dogayen katangu. Fili ya fi na ko'ina yawa, amma mutane sun fi na ko'ina ƙaranci. Na duba ƙidayar Ingila ta 2021, sai na ga Kensington da Chelsea, yankin da gidajensa ke cikin mafi tsada a Landan, jama'arsa sun ragu da kashi 9.6 cikin ɗari, daga kimanin 158,600 a 2011 zuwa 143,400. Alhali Landan ɗin gaba ɗaya ƙaruwa ta yi. To su wane ne ainihin mazauna irin waɗannan unguwanni? Da me suke rayuwa? Kuma me ya sa wurin da kowa ke burin shiga shi ne ke rasa mutane?

Ɗan_Ƙidaya:
Wa alaikumus salam Malama Binta. Alƙaluman daidai ne, amma ki lura da ranar da aka yi ƙidayar: 21 ga Maris, 2021, ana tsakiyar dokar kulle ta korona. Mai kuɗi yana da inda zai gudu. Da yawa sun koma gidajensu na bayan gari, ɗalibai da baƙi 'yan ƙasashen waje sun tafi gida. Don haka raguwar ta yi ƙiba fiye da yadda take.

Amma tambayarki tana nan daram. Na taɓa aikin ƙidaya a irin wannan unguwa. Ka buga get, maigadi ya leƙo ta ƙaramar taga, ya ce maigida ba ya gari. Yaushe zai dawo? Sai ya ɗaga kafaɗa. Ka ce to wa ya kwana a gidan jiya? Sai ya fara lissafo maka: shi, da kuku, da mai ban ruwan fulawa, da matar direba da 'ya'yanta a boskwata. Babban benen kuwa a rufe, an lulluɓe kujeru da zannuwa. Abin da ya shiga takardata ke nan: gidan attajiri, babu attajiri a ciki.

Kawu_Dillali:
Ɗan_Ƙidaya ka taɓo inda nake ci. Ni dillalin gidaje ne, kuma zan gaya muku bambancin mai saye biyu. Wanda zai zauna yana buɗe famfo ya ga ko ruwa na zuwa, yana tambayar ina makaranta take, matarsa tana auna kicin da ido. Wanda zai ajiye kuɗi kuwa abu uku yake tambaya: takardun mallaka lafiya suke? Su wa ke maƙwabtaka? Nawa aka sayar da na kusa da shi bara? Wani ko hawa sama ba ya yi. In ka ce Alhaji a sa 'yan haya mana, sai ya ce a'a, za su ɓata masa fenti. Shi ba kuɗin haya yake nema ba, tashin farashin filin yake jira. A unguwannin nan ƙasar ce dukiya, ginin da ke kanta sau da yawa rushe shi ake yi idan an saya.

Sarkin_Gardama:
To ni dai in faɗi gaskiya, ina jin ƙanshin hassada a wannan zaure. Mutum ya nemi kuɗinsa, ya sayi gidansa, in ya ga dama ya kwana a ciki, in ya ga dama ya bar wa ƙadangaru. Ina ruwan wani? Hassada ga mai rabo taki ce.

Binta_Taswira:
Haba Yaya Sarki, tambaya na yi, ban ce a ƙwace gidan kowa ba.

Mai_Lissafi:
Bari in sa baki kan alƙaluma, don a nan ake yawan ruɗar mutane. Idan aka ce matsakaicin kuɗin shigar unguwa kaza ne, ku tambaya wane irin matsakaici. Ku ɗauki mutum goma: tara kowa yana samun 10, ɗaya yana samun 1,000. In an haɗa an raba, sai a ce kowa yana samun 109, alhali babu ko mutum ɗaya mai samun hakan. In kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 10 ne. A unguwar masu hali tazarar da ke tsakanin waɗannan lissafi biyu takan yi faɗi ƙwarai, saboda 'yan tsirarun da ke can ƙololuwa suna jan alƙalamin sama.

Na biyu, kuɗin shiga daban, dukiya daban. A titi ɗaya za ka sami tsohuwar da mijinta ya sayi gidan tun filin yana da araha, yau gidan ya kai maƙudan kuɗi amma ita ɗan fansho take ci, gyaran rufi ma yana gagararta. Kusa da ita matashin ma'aikacin banki ko kamfanin waje, albashinsa mai tsoka, amma haya yake, ko tubali ɗaya bai mallaka ba. Gaba da su kuma ga gidan da Kawu ya kwatanta. Duk ukun a takarda sunansu ɗaya, mazauna unguwar masu kuɗi.

Hajiya_Lambu:
Mai_Lissafi kamar ka leƙo gidana. Ni ce tsohuwar nan da ka faɗa. Da muka tare, layinmu cike yake da yara, da yamma kekuna ko'ina. Yanzu duk sun girma. Ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ba zai iya sayen gida kusa da ni ba, kuma dukansu suna da aikin yi mai kyau. Sun tafi sababbin unguwanni can gefen gari. Ɗakuna shida, ni da 'yar aikina. Haka gidan dama da ni, haka na hagu. To Binta 'yata, ga amsar rabin tambayarki: ba korar kowa aka yi ba, tsufa muka yi a cikin gidajen, masu haihuwa kuma ba su da kuɗin shigowa.

Kuma kada ku ɗauka zaman na banza ne. Kuɗin masu gadi na layi, kuɗin kwashe shara, gyaran fitilun titi, duk karo-karo muke yi ta ƙungiyar mazauna. Wata-wata sai an turo takarda.

Gimbiya22:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Amma me zai hana ki raba gidan, ki ba da hayar sashe, ko a yi ɗan bene mai gidaje huɗu a filin?

Hajiya_Lambu:
Na nema 'yar nan. Aka ce tsarin unguwar bai yarda ba.

Injiniya_Sani:
Yauwa, an zo wurin. Wannan amsa ta Hajiya ita ce ƙashin bayan zancen. Mutane suna ɗauka tsadar unguwa daga kyawunta take fitowa kawai. Wani ɓangare mai yawa daga doka yake fitowa. Hukumar tsara birni takan ce a wannan yanki fuloti ba zai gaza girma kaza ba, iyali ɗaya kan kowane fuloti, gini ba zai wuce hawa biyu ba, sai an bar tazara daga katanga, babu shago, babu gareji, babu masana'anta. Da zarar an kafa wannan, an ƙayyade adadin mutanen da za su iya zama a wurin har abada. Birni yana ƙaruwa, masu nema suna ƙaruwa, gidajen kuwa adadinsu ɗaya. Farashi dole ya hau.

A Amurka, Kotun Ƙoli ta halasta irin wannan tsari tun 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler. Daga nan ya bazu har ya zama a birane da yawa mafi yawan filin zama ba a yarda a gina komai a kai ba sai gidan iyali ɗaya. Sai a baya-bayan nan aka fara warwarewa: birnin Minneapolis ya amince a 2018 a riƙa gina har gidaje uku a fuloti ɗaya, jihar Oregon ta yi doka mai kama da haka a 2019. Kuma ku san su wa ke cika zauren taro suna adawa duk lokacin da aka kawo irin wannan gyara: masu gidajen da ke wurin.

Sarkin_Gardama:
To Injiniya laifi ne? Na sayi gida saboda shiru da sarari, sai a wayi gari a dasa min bene mai hawa takwas a jikin katanga, mutane suna leƙen tsakar gidana? Ai ni ma sai na je taron.

Injiniya_Sani:
Ban ce laifi ba ne, Malam. Na ce kada a kira shi aikin kasuwa zalla. Ɗazu ka ce mutum ya yi abin da ya ga dama da gidansa. Ga Hajiya tana so ta yi, an hana ta.

Malam_Tarihi:
Ku ba ni dama in koma baya kaɗan. Da yawa daga cikin unguwannin nan ba kuɗi ne ya fara tace masu shiga ba, launin fata ne. A Hong Kong, a 1904 Turawan Ingila suka yi dokar da ta keɓe saman tsaunin da ake kira Peak, aka hana 'yan China zama. Amma dokar ta yi togaciya: barorin da ke kwana a gidan iyayen gidansu an yarda musu. Ku dubi wannan da kyau, shi ne abin da Ɗan_Ƙidaya ya gani da idonsa bayan shekara ɗari. A Najeriya, dokar birane ta zamanin Lugard a 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai saboda sauro da zazzaɓi. Ikoyi ta Legas daga irin wannan keɓewa ta taso. A Afirka ta Kudu dokar raba unguwanni ta 1950 ta yi aiki har 1991. A Amurka kuma a cikin takardar sayen gida ake rubuta cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, sai a 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta wannan sharaɗi ba.

Dokokin sun tafi, amma manyan fulotai, da bishiyoyin da aka dasa, da bututun ruwa, da titunan da aka shimfiɗa suna nan. Waɗanda suka gaji mulki da kuɗi suka gaji unguwannin.

Auwal_Jirgi:
Malam ka tuna min da Sandton, unguwar masu hali a Johannesburg. Can ne kasuwar hannayen jari ta ƙasar ta koma a 2000. Babbar hanya ɗaya ce ta raba ta da Alexandra, inda jama'a ke cunkushe. Da sassafe za ka ga mutane suna tsallakowa da ƙafa zuwa aiki. Haka Morumbi ta masu hali da Paraisópolis ta talakawa a São Paulo ta Birazil, katanga ɗaya ce tsakani.

Ummu_Hanan:
Ni kuma na taɓa jin wai iska ce ta sa yammacin Landan da yammacin Paris suka zama na masu kuɗi. Gaskiya ne ko zancen shan iska ne?

Malam_Tarihi:
Akwai ƙamshin gaskiya, 'yar uwa. A wannan yanki na Turai iska ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Lokacin da masana'antu ke ƙona gawayin kwal, hayaƙin gabas yake tafiya, mai hali sai ya matsa yamma. Masana tattalin arziki sun bi diddigin wuraren tsofaffin bututun hayaƙi a biranen Ingila, suka ga har bayan an daina hayaƙin, bambancin unguwannin bai gushe ba. Amma ba ita kaɗai ba ce. Fadar sarauta da majalisa suna yammacin tsohuwar Landan, tashar jiragen ruwa da aikin ƙarfi suna gabas.

Malama_Lesin:
Iska ta yi nata, amma a zamaninmu makaranta ce ke jan mutane. Ku dubi Gangnam a Seoul ta Koriya ta Kudu. Kafin shekarun 1970 yawancinta gonaki ne a kudancin kogin Han. Gwamnati ta so ta rage cunkoson tsohon gari, sai ta mayar da manyan makarantun sakandare can, irin su Kyunggi a 1976. Iyaye suka bi makarantu, makarantun lesin suka bi iyaye, farashin gidaje ya bi su duka. A Amurka kuma wani babban kaso na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Gida mai tsada yana kawo makaranta mai kyau, makaranta mai kyau tana ƙara wa gida tsada.

Ni lesin nake koyarwa gida-gida a irin waɗannan unguwanni. Yaran ba su da yawa, gida ɗaya biyu ko uku, amma abin da ake kashewa a kan kowanne ya isa abin mamaki. Yaro ɗaya yana da mai koya masa lissafi, da mai koya masa harshen waje, da mai koya masa ninkaya. Wani lokaci a falo muke haɗuwa, wannan na fita, wannan na shiga.

Tsohon_Direba:
Kowa ya faɗi nasa, bari mu ma 'yan wuni mu ce wani abu. Malama Binta, in kina son sanin yawan mutanen unguwar, kada ki je da dare. Ki tsaya a bakin babban get da ƙarfe shida na safe. Masu shara, masu wanki da guga, masu reno, leburori, masu gyaran wuta da famfo, kowa da katin shaida a hannu, mai gadi yana duba fuska yana rubuta suna a littafi. Motar haya ba ta shiga, a bakin titi take zubar da mu, sauran a ƙafa. Ni sai na hau mota biyu kafin in isa inda zan tuƙa mota ta uku. Unguwar kuma ba a gina ta don mai tafiya a ƙasa ba: babu benci, babu rumfar jiran mota, babu banɗakin jama'a. Da magariba duk mu watse. Kuɗin da muka samu a can, a wata unguwa muke kashe shi.

Mai_Lissafi:
Baba ka kawo abin da masana ke kira jama'ar rana da jama'ar dare. Ƙidaya ta dare take kamawa, wato inda mutum ke kwana. Shi ya sa takan nuna unguwar a matsayin mai tsofaffi da yawa, yara kaɗan, masu digiri da yawa, gidaje masu mutum ɗaya ko biyu. Tattalin arzikinta na rana kuwa, wato albashin da ke fita daga cikinta kullum, a alƙaluman wasu unguwanni yake bayyana.

Sarkin_Gardama:
To kun gani. Ashe mai kuɗin nan da kuke zagi shi ke ciyar da gidaje goma.

Tsohon_Direba:
Ba wanda ya zage shi, ɗana. Na yi aiki da mutanen kirki, wani har karatun ɗana ya ɗauka. Amma gidan da aka rufe maigadi ɗaya yake ɗauka. Gidan da ake zaune a ciki shi ke ɗaukar goma.

Gimbiya22:
Akwai ƙasar da ta yi wani abu a kai kuwa, ko kowa kallo yake?

Injiniya_Sani:
Akwai. Vancouver ta Kanada ta fara karɓar harajin gidan da aka bari babu kowa a 2017, kashi 1 cikin ɗari na darajar gidan a shekara, daga baya ta ƙara. Faransa ta yi doka a 2000 da ta wajabta wa garuruwan da suka kai wani girma su sami kashi 20 cikin ɗari na gidaje masu sauƙin haya, a 2013 aka ɗaga zuwa 25 a wurare da yawa. Amma wasu garuruwan masu hali, irin su Neuilly da ke jikin Paris, inda Sarkozy, tsohon shugaban Faransa, ya yi magajin gari daga 1983 zuwa 2002, sun daɗe a ƙasa da adadin, ana cin su tara suna biya. Viyana ta Ostiriya ita ta bi wata hanya tun da wuri. Katafaren ginin gidajen ma'aikata na Karl-Marx-Hof, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, an kammala shi a 1930 a gundumar Döbling, wadda ke cikin gundumomin masu hali na birnin.

Ɗan_Ƙidaya:
Ita ma Kensington ɗin da aka fara da ita ba duka ba ce ta masu kuɗi. A arewacinta benen Grenfell yake, na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, wanda gobara ta ci a watan Yunin 2017, mutum 72 suka rasu. Ƙaramar hukuma ɗaya ce da masu manyan gidajen. In ka ɗauki alƙaluman yankin a dunƙule ba za ka taɓa ganin mutanen benen nan ba.

Ummu_Hanan:
Allah ya kyauta. Ni abin da ke damuna shi ne lafiya. An ce masu zama a irin unguwannin nan sun fi tsawon rai.

Dakta_Zee:
Rai na hannun Allah, amma alƙaluma sun nuna bambanci. Binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa a Amurka a 2016 ya gano tazarar kusan shekara 15 tsakanin maza mafi arziki, kashi 1 cikin ɗari na sama, da mafi talauci, kashi 1 na ƙasa, mata kuma kusan shekara 10. Sai dai wannan lissafin kuɗin shiga ne, ba na unguwa ba. Tambaya mai wuya ita ce: unguwar ce ke gyara mutum, ko waɗanda suka riga suka sami hali ne ke taruwa a cikinta? Wani binciken nasu ya ɗan ba da haske. Iyalan da aka taimaka wa suka bar unguwannin talauci, yaran da suka ƙaura kafin su kai shekara 13 sun girma suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 31 cikin ɗari. Waɗanda suka ƙaura bayan sun wuce wannan shekaru ba su ga wannan riba ba.

Hajiya_Lambu:
Likita, a rubuta har da kaɗaici a lissafin. Maƙwabcina na hagu ya rasu, sai da na ga motoci sun cika layi na sani.

Binta_Taswira:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma har yanzu ina nan kan tambayata ta farko. In ƙidaya tana kama maigadi ta bar maigida, matsakaici kuma yana ɓoye Hajiya da Baba direba, to da wane ma'auni za a san gidaje nawa ake zaune a cikinsu da gaske?

Mai_Lissafi:
A duba mitar wuta da ta ruwa. Gidan da ya yi wata shida bai ja komai ba, babu kowa a ciki. Wasu masu bincike da haka suke ƙiyasta gidajen da aka bari.

Kawu_Dillali:
Mitar ba za ta gaya maka ba, ɗana. Akwai gidajen da ke hannuna da masu su suka ba da umarni a riƙa kunna na'urar sanyaya ɗaki kullum don kada katako da fenti su lalace, fitilun waje kuma su kwana a kunne saboda ɓarayi. Wani ma yana kan sola da rijiyar burtsatse, mitar ba ta san da shi ba. In kana son gaskiya, ka tambayi mai kwashe sharar layin.

Sarkin_Gardama:
Ku tambayi duk wanda za ku tambaya. Ni dai in Allah ya hore min, can zan koma, kuma ranar da aka kira taron hana benen nan ina sahun gaba.

Injiniya_Sani:
Sai ka tarar da Hajiya a ɗaya ɓangaren da takardar neman izininta.